Yadda Ake Sayen Ɗinkakkun Kaya Su Zauna a Jiki Ko da Lambar Wuyan Riga Ta Yi Ƙarya

Wanda ya saba kai yadi wurin tela bai san wannan ciwon kai ba. Tela zai zaro tef daga wuyansa, ya auna kafaɗa da ƙirji da hannu da tsayi, ya rubuta a littafinsa, in kaya sun fito ba daidai ba an san wanda za a kama. Rigima tana farawa ne ranar da aka koma ɗinkakkun kaya: jins da shat na kanti, dogayen riguna 'yan Turkiyya, abayar Dubai, gwanjon Ƙofar Wambai, ko kayan da ake yin oda ta waya daga Shein da AliExpress da Jumia. Mace ɗaya sai ta tarar 12 ce ke shigarta a wannan kamfani, a wancan sai 16, a kayan Chaina kuma har XXL ta matse ta, alhali jikinta yana nan yadda yake.

Dalili shi ne lambar da ke wuyan riga suna ce da kamfani ya raɗa wa kayansa. Babu dokar da ta tilasta masa cewa 12 ko M sai ta kasance inci kaza. Wanda ya gane haka zai daina tambayar "wane saiz nake sawa?" ya koma tambayar "inci nawa ne wannan rigar daga hammata zuwa hammata?"

Yadda lambobin suka rikice

Amurka ce ta yi babban yunƙurin tsayar da ma'auni guda na kayan mata. Tsakanin 1939 da 1940 ma'aikatar gona ta ƙasar ta sa aka auna mata kusan 15,000, kowace aka ɗauki awo 59 a jikinta, ƙarƙashin Ruth O'Brien da William Shelton. Aikin ya zo da tangarɗa tun daga tushe. Awon fararen fata kaɗai aka yi lissafi da shi, kuma da yake ana ba da ɗan kuɗi ga duk wadda ta yarda a auna ta, talakawa marasa jiki ne suka fi zuwa. A 1958 hukumar ma'aunai ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida mai lamba CS 215-58, a 1970 aka sabunta ta a matsayin ta ganin dama, a 1983 aka janye ta ɗungurungum. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Ga abin da ya biyo baya. A ƙa'idar 1958, lamba 8 tana nufin ƙirji inci 31, ƙugu 23.5, mazaunai 32.5. A ma'aunin da ƙungiyar tsara ma'aunai ta ASTM ta fitar a 2008, wannan lamba 8 ɗin ta ƙaru da inci biyar zuwa shida a kowane ɗaya daga cikin ukun. Rigar da ƙirjinta ke inci 32 lamba 14 ce a kundin tallan kamfanin Sears na 1937. A 1967 ta koma 8. A 2011 ta zama 0. Da lambobi suka ƙare ta ƙasa sai aka ƙirƙiro 00, har kamfanin tufafi na J.Crew ya fito da 000 a 2014. Wannan shi ne abin da za a kira lambar daɗin baki: a ƙara wa riga faɗi a bar mata tsohuwar lambarta, mai saye ta ji daɗi cewa har yanzu 10 take sawa.

Maza ma ba su tsira ba, duk da cewa lambar wandonsu ana cewa inci ne. A 2010 Abram Sauer na mujallar Esquire ya bi kantunan Amurka da tef yana auna wandunan da aka rubuta wa 36, ya samu daga inci 37 har zuwa 41. Babu ko ɗaya da ya tsaya a 36.

Sai dai ba duka ne yaudara ba, kuma sanin sauran dalilan shi ke taimaka wa mai saye. Jikin mutane ya ƙaru. Binciken SizeUK, wanda ya auna mutum kusan 11,000 a Birtaniya aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna matsakaicin ƙugun mace ya tashi daga inci 27.5 a 1951 zuwa 34. Kowane kamfani kuma yana son M ɗinsa ta dace da wanda ya fi yawan sayen kayansa. Shagon 'yan mata da shagon iyayen mata duk suna da M, amma ba mace ɗaya suke nufi ba. Kamfani yakan ɗauki mutum ɗaya ya ɗinka samfur a jikinsa, sannan a fitar da sauran lambobin ta lissafi, ana ƙara inci ɗaya, ɗaya da rabi ko biyu daga wannan lamba zuwa ta gaba. In wadda aka yi samfurin a jikinta ba ta da mazaunai, duk lambobin da aka fitar haka za su fito, tun daga ƙarama har babba. Shi ya sa mata da yawa a wajenmu ke samun riga ta yi daidai a ƙirji ta ƙi wucewa ta ƙasa.

Akwai kuma kuskuren masana'anta. Ba a yanka riga ɗaya-ɗaya; shimfiɗa yadi ake yi hawa-hawa a bi da injin yanka lokaci guda, in wuƙa ta ɗan karkace na ƙasa ba zai yi daidai da na sama ba. Kamfanoni kan yafe wa masana'anta kamar rabin inci sama ko ƙasa. Ke nan jins biyu masu lamba ɗaya, samfuri ɗaya, a kan kanta ɗaya, suna iya bambanta da inci guda cur, kuma duka biyun sun ci jarrabawa.

Mataki na farko: a tabbatar da tef ɗin kansa

Tef ɗin tela na roba yana talewa in ya tsufa, musamman wanda ke kwana a rataye a wuya cikin zafi. A gwada shi da rula ta ƙarfe ko ta katako. In babu, katin ATM ya isa: tsawonsa santimita 8.56 ne a ko'ina a duniya.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan. Wasu tef ɗin da ke zuwa daga Chaina, gefe ɗaya santimita ne, ɗaya gefen kuma ba incin Turawa ba ne, incin gargajiyar Chaina ne mai santimita 3.33, alhali inci na gaskiya 2.54 ne. Gane shi ba wuya: a dubi ƙarshen tef. In gefen santimita ya ƙare a wajen 150 ɗaya gefen ya ƙare a 59 ko 60, lafiya lau. In ya ƙare a 45, na Chaina ne. Wanda ya auna ƙugunsa da irin wannan zai ga 27 alhali 35 ne da ɗoriya.

Mataki na biyu: awon jiki

A sa kaya marasa kauri, a tsaya a miƙe ƙafafu a haɗe, a yi numfashi yadda aka saba. Kada a shanye ciki, domin ba da shanyayyen ciki za a yini a cikin kayan ba. Tef ya kwanta a jiki ba tare da ya nutse cikin tsoka ba, yadda yatsa ɗaya zai shiga ƙarƙashinsa, kuma ya tafi a miƙe ta baya kamar yadda yake ta gaba. Nan ne mai auna kansa ke kuskure: tef ya zame ta baya bai sani ba, awo ya ƙaru. A samu wani ya taimaka, ko a tsaya gaban madubi.

Ƙirji ana auna shi ne a inda ya fi cika, hannaye a sauke. Mace ta sa irin rigar maman da za ta riƙa sa kayan da ita, don mai soso da marar soso suna iya bambanta da santimita biyu zuwa huɗu.

Ƙugu shi ya fi rikita mutane. A ɗaura zare a tsakiyar jiki, a karkata dama da hagu; inda zaren ya zauna, yawanci yatsu biyu ko uku sama da cibiya, nan ne ƙugun da jadawalin kamfanoni ke nufi. Namiji ya ɗauki awo biyu: ɗaya a kan cibiya, ɗaya a inda yake ɗaura wando. Ga mai tumbi, tazarar da ke tsakanin biyun tana iya kai inci huɗu ko fiye, na farko shi ne na shat da kwat, na biyu na wando.

Mazaunai, wanda teloli ke cewa hip, a zagaya da tef a inda suka fi faɗi, kamar santimita 18 zuwa 23 ƙasa da zaren ƙugu. Kafaɗa daga ƙashin wannan gefe zuwa na wancan ta baya. Hannu daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. A ƙara da kewayen damtse da na cinya, waɗanda mutane ke mantawa, alhali su ke hana riga ko wando shiga ko da sauran wurare sun yi daidai. Sai tsawon ƙafa ta ciki, daga hantsa zuwa idon sawu, da tsayin doguwar riga daga gefen wuya a kan kafaɗa zuwa inda ake so ta tsaya.

A rubuta kowane awo da inci da santimita, a ajiye a waya. A sake aunawa bayan wata shida, ko bayan haihuwa, jinya ko azumi.

Mataki na uku: awon kayan da suka riga suka zauna

Wannan ya fi awon jiki amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. A zaɓi riga ɗaya, wando ɗaya, doguwar riga ɗaya daga cikin waɗanda ake jin daɗin sawa, masu irin yadin abin da ake son saya. Kada a gwada tishat mai talewa da shat marar talewa. A ɓalla maɓallai, a ja zif, a shimfiɗa a kan tebur ko tabarma, a lallashe da hannu ba tare da an ja ba.

A riga, a auna daga ɗinkin hammata zuwa ɗinkin hammata, a ninka biyu. A auna kafaɗa daga ɗinki zuwa ɗinki ta baya, sai tsayi daga gefen wuya zuwa ƙasa, sai hannu, sai faɗin hannu a gindin hammata. Wuyan shat kuwa buɗe shi ake yi a kwance, a auna daga tsakiyar maɓalli zuwa ƙarshen hudarsa. Inci 16 shi ne 41 a lambar Turai, 16.5 shi ne 42, 17 kuma 43.

A wando, a auna bakin ƙugu daga gefe zuwa gefe a ninka biyu. In wandon da aka rubuta wa W34, wato ƙugu inci 34, ya ba da inci 18 a kwance, to 36 ne na gaskiya, kuma 36 ɗin ne za a riƙa nema a jadawali. Sai zurfin hantsa, daga mahaɗar ɗinkin ƙafafu zuwa saman ƙugu ta gaba. Wannan awon shi ke bayyana abin da ya sa wanduna biyu masu ƙugu ɗaya ba su zama iri ɗaya: mai hantsa santimita 20 a kan kwatangwalo yake zama, inda jiki ke da faɗi, mai 30 kuma yana hawa har saman cibiya. Sai faɗin cinya, yatsu biyu ƙasa da hantsa, da tsawon ƙafa ta ciki, wanda shi ne lambar da ke bin harafin L a jins.

Mataki na huɗu: karanta jadawalin mai kaya

Jadawalin awo iri uku ne, kuma rashin bambance su shi ke jawo yawancin odar da ke zuwa ba daidai ba. Akwai mai nuna awon jikin wanda aka ɗinka kayan dominsa, ana gane shi da tazara, kamar ƙirji 88 zuwa 92, kuma ba ya kawo tsayin riga. Da shi ake gwada awon jiki kai tsaye. Akwai mai nuna awon rigar kanta, shi kuma lamba ɗaya yake bayarwa a kowane gida, tare da tsayi da hannu da kafaɗa. Da shi ake gwada awon tsohuwar riga. Na uku awon riga ne a kwance ba a ninka ba. In aka ga ƙirjin rigar babban mutum santimita 52, rabi ne, cikakken 104 ne.

A nemi jadawalin wannan rigar takamaimai. A kasuwannin intanet irin AliExpress kowane ɗan kasuwa da masana'antarsa, jadawalin da ke shafin gaba ɗaya ba ya nufin komai. Ko a Shein riga biyu masu L ba lalle su yi awo ɗaya ba. In babu jadawali, a nemi mai kaya ya ɗora tef a kan rigar ya turo hoto. In ya ƙi, cinikin biri a sama ne, a bar masa kayansa.

In da awon jiki za a gwada jadawalin riga, dole a ƙara sararin motsi, don rigar da faɗinta ya yi daidai da jiki cif ba ta sawuwa. A yadin da ba ya talewa, ƙirjin bulawus ko doguwar riga yana son ƙarin santimita 6 zuwa 10, shat ɗin maza 10 zuwa 15, ƙugun siket ko wando 2 zuwa 3, mazaunai aƙalla 5 don a iya zama da yin sujada ba tare da ɗinki ya yi ƙara ba. Yadi mai talewa ba ya buƙatar wannan. Tishat mai kama jiki tana iya zama daidai da awon jiki ko ƙasa da shi kaɗan. A duba lebul: inda aka rubuta elastane, spandex ko Lycra, akwai roba a yadin. Kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a jins yana ba da ɗan sassauci ne kawai, kashi 5 zuwa sama shi ne mai talewa sosai. In kayan suna hannu, a kama santimita 10 na yadin a ja a kan rula. In ya kai 12.5 ba tare da wahala ba, yana talewa kashi 25, sannan a sake shi a ga ko ya koma yadda yake. Wanda bai koma ba zai yi gwiwa bayan sawa biyu.

Misali: mace mai ƙirji 96, ƙugu 80, mazaunai 106 tana son doguwar riga miƙaƙƙiya marar roba. Jadawali ya ce L tana da ƙirji 104 da mazaunai 108, XL kuma 110 da 114. Ta sama L ta yi, don 96 da ƙarin 8 shi ne 104. Ta ƙasa kuwa tana buƙatar aƙalla 111, L ba ta kai ba. XL za ta ɗauka, tela ya rage mata sama. Ƙa'idar ita ce a saya da awon wurin da ya fi girma a jiki. Da rigar mai buɗewa ce daga ƙugu, awon mazaunai ba zai shigo lissafi ba, L ta wadatar.

A bar wa wanki rabonsa. Auduga zalla kan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, wato rigar da tsayinta ke santimita 140 tana iya rasa 4 zuwa 7. Yadin viscose ma yana tsukewa, polyester kuwa da ƙyar yake motsi.

Lambobin ƙasashe

A kayan mata, 12 ta Ingila ita ce 8 ta Amurka, 38 ta Jamus, 40 ta Faransa, 44 ta Italiya. Matsalar ita ce lebul yakan rubuta EU 40 kawai, wato lambar Turai, bai faɗi wace ƙasa ba, kuma tsakanin ta Jamus da ta Faransa akwai lamba guda cur. A tsarin Jamus ana raba ƙirji biyu a cire 6: ƙirji 88 shi ne 38, ƙirji 96 shi ne 42. Kayan Turkiyya ma da irin waɗannan lambobin na Turai suke zuwa. Kwat ɗin maza ya fi sauƙi: lambar Turai rabin ƙirji ce da santimita, 50 na nufin ƙirji 100, in aka cire 10 a samu ta Ingila da Amurka, wato 40.

Tsarin Chaina, in masana'anta ta bi shi, ya fi duka faɗin gaskiya. Za a ga an rubuta kamar 165/88A. Lambar farko tsayin mutum ne, ta biyu ƙirji in riga ce, ƙugu in wando ne ko siket. Harafin yana nuna tazarar ƙirji da ƙugu. Ga mata, Y na nufin tazarar santimita 19 zuwa 24, A 14 zuwa 18, B 9 zuwa 13, C 4 zuwa 8. Ga maza, A 12 zuwa 16 ne, B 7 zuwa 11, C 2 zuwa 6. Yawancin kayan da ke kasuwa A ne, don haka namiji mai ƙirji 100 da ciki 94, wanda jikinsa C ne, in ya ɗauki 175/100A kafaɗa za ta yi daidai amma maɓallan ciki su riƙa buɗe baki. Haruffan S da M da L na Chaina kuwa sukan gaza na Turai da lamba ɗaya ko biyu. Masu saro kaya daga kasuwannin intanet na Chaina irin 1688 ko Taobao su kula da wani abu: nauyin da ake rubutawa a jadawali sau da yawa da ma'aunin jin ne, wanda rabin kilo ne. Rigar da aka ce ta mai nauyi 120 ce, mai kilo 60 ake nufi.

Lambar abaya ba ta faɗi ba ce, tsayi ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Abaya 54 tsayinta inci 54 ne, kusan santimita 137, kuma takan yi wa mace mai tsayin 160 zuwa 163. 56 ta wadda ta ɗara haka da kamar santimita biyar ce, haka har 60. Mai jiki da ta ɗauki 60 da tunanin za ta fi faɗi, abin da za ta samu shi ne abaya mai sharar ƙasa. Faɗi daban ake tambayarsa. Jallabiyar maza ma haka take, lamba tsayi, harafin da ke gefenta faɗi. A auna tsayin da takalmin da za a riƙa sawa. Abin da 'yan kasuwa ke kira firi saiz shi ma yana da iyaka, a sa masa tef kamar kowace riga.

Kayan yara na Turai da tsayin yaro ake lambarsu, ana tsallake santimita shida-shida: 92, 98, 104, 110, 116. Na Chaina goma-goma: 90, 100, 110. A jingina yaro da bango a auna shi, a manta da shekarun da aka rubuta, a ɗauki lambar da ke sama da tsayinsa.

Masu haɗa lefe su ne suka fi asara a nan, don saye suke yi da ka. Gara a nemi wata daga dangin amarya ta turo awo ko ta ba da aron riga ɗaya. A rigar mama, 34 ta Ingila ita ce 75 ta Turai, 90 ta Faransa. 36 kuma 80 da 95. Harafin kofi yana tafiya ne da lambar, kofin 34C daidai yake da na 36B, don haka ba a sayen harafi shi kaɗai.

A kasuwar gwanjo

Dilar gwanjo tana haɗa kayan ƙasashe daban-daban da na shekaru daban-daban, don haka lebul a nan ya fi ko'ina rashin amfani. Rigar Ingila ta shekaru talatin baya mai lamba 14 tana iya yin daidai da 10 ko 12 ta yau. Ko kamfani ɗaya ma lambarsa tana motsi: a 2018 kamfanin H&M ya sauya lambobin kayan matansa a Birtaniya bayan ƙorafin masu saye, abin da yake kira 12 ya koma 10. Ga kuma wanki da injin busarwa da kayan suka sha a hannun mai su na farko.

Dabarar naɗa ƙugun wando a wuya, da ake yi a kasuwa, ta ginu ne a kan cewa ƙugu ninkin wuya ne. Tana yi wa siririn saurayi aiki, amma mai tumbi ko mace mai mazaunai za ta kai su ta baro. Tef a aljihu da lambobi huɗu a waya, wato faɗin hammata, faɗin ƙugu, faɗin cinya da tsayi, sun fi ta, kuma ba su cin minti ɗaya a kan kowane kaya. Masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram su ma in suka auna kowane kaya suka rubuta incinsa a ƙarƙashin hoto, rigimar dawo da kaya za ta ragu.

In kaya sun iso

Kada a cire lebul, kada a wanke, sai an shimfiɗa an auna an gwada da jadawali. 'Yan kasuwar Chaina kan rubuta cewa ana iya samun bambancin santimita 1 zuwa 3. Abin da ya wuce haka hujja ce ta neman canji ko maido da kuɗi, kuma hoton tef a kan riga shi ne shaida. A gwada kayan a zaune, a ɗaga hannaye sama, a durƙusa. Wankin farko da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Abin da tela zai iya gyarawa yana da iyaka. Rage tsayin wando, siket ko hannu abu ne mai sauƙi. Rage gefen riga ma haka. Ƙugun wando ana iya rage shi ta ɗinkin baya har kamar inci biyu. In aka wuce haka aljihunan baya za su matso juna, wandon ya lalace. Kafaɗa ita ce mai wuya, don sai an cire hannu an sake yanka, kuma a kwat aikin yakan fi ƙarfin kuɗin kwat ɗin, shi ya sa a kwat da shat kafaɗa ake fara dubawa. Tishat da sauran yadi mai talewa suna son keken wibin, ɗinkin keke na yau da kullum yana tsinkewa da zarar an ja. Abaya mai duwatsu ko aiki a bakin ƙasa ba ta raguwa ta ƙasa sai an yi asarar adon, sai dai in tana da ɗinki a ƙugu a ɗage ta daga nan.

Buɗe kaya kuwa ya dogara da ragowar yadin da aka bari a cikin ɗinki. Telanmu yakan bar inci guda ko fiye a kowane gefe, masana'anta kuwa santimita ɗaya take bari ta bi shi da wibin, babu abin da za a buɗe. Wandon kwat na maza ne kaɗai ake yawan samun ragowa a ɗinkinsa na baya. Kafin a biya kuɗin rigar da ta ɗan matse da niyyar kai wa tela, a juya cikinta a duba faɗin yadin da ke bayan layin ɗinki. In bai kai faɗin yatsa biyu ba, a ɗauki lamba ta gaba.